Yadda Ake Tafiyar Da Gidan Hayar Kwana-Kwana Ta Wayar Salula: Lissafi, Kalanda Da Makulli

Mutum yana da gida mai ɗaki biyu da falo a Gwarinpa ta Abuja, ko a Nassarawa ta Kano, yana karɓar kuɗin haya sau ɗaya a shekara. Sai ya ji labarin maƙwabcinsa yana karɓar naira dubu hamsin a kowane dare daga irin wannan gidan. Nan take ya ɗauko waya ya buga: dubu hamsin sau talatin, miliyan ɗaya da rabi a wata. Daga wannan lissafin mutane da dama suka sallami ɗan haya, suka ci bashi suka zuba kujeru da talabijin, bayan wata shida suka dawo suna neman wanda zai sayi kayan a rabin kuɗi.

Sana'ar tana kawo kuɗi, wannan babu musu. Amma ta fi kama da riƙon ƙaramin otal fiye da bayar da haya, kuma kusan rabin aikinta a cikin waya yake.

Asalin sana'ar

Hayar kwana-kwana, wadda 'yan birni ke kira shotlet, ita ce a shirya gida da gado da kayan girki da duk abin buƙata, a ba baƙo ya zauna na kwana biyu, ko mako, ko wata, ya biya gwargwadon dararen da ya kwana. Bahaushe ya daɗe da sanin irinta. Fatoma da masu masaukin fatake a zangunan Kumasi da Sabon Ibadan aikinsu ke nan tun zamanin fataucin goro da shanu: su sauki baƙo, su tsare masa kayansa, su sami lada. Abin da intanet ta ƙara shi ne baƙon da bai taɓa ganin mai gida ba ya biya kuɗi tun kafin ya taso.

Manhajar da ta yi fice a wannan fanni ita ce Airbnb. Ta samo asali ne a 2007 a birnin San Faransisko na Amurka, lokacin da Brian Chesky da Joe Gebbia suka shimfiɗa katifun iska a falonsu suka sauki mahalarta wani taro saboda otal-otal sun cika. A 2008 suka kafa kamfani tare da Nathan Blecharczyk. Ta biyu ita ce Booking.com, wadda hedikwatarta ke Amsterdam, ta fara da otal-otal kafin ta buɗe ƙofa ga masu gidaje. A Najeriya kuwa akwai hanya ta uku da ta kan fi su kawo baƙi, wato WhatsApp da Instagram da dillalai. Dalili ɗaya shi ne a baya an shafe shekaru katunan naira na bankuna da dama ba sa aiki a shafukan ƙasashen waje, don haka baƙon cikin gida ya saba da tura kuɗi kai tsaye.

Lissafin da ya kamata a fara yi

Lissafin da aka kawo a sama lissafin dokin rano ne, domin ya ɗauka gida zai cika dare talatin kuma babu abin da za a kashe. Ga yadda ake yin na gaskiya. Alƙaluman misali ne kawai, kowa ya cire su ya sa nasa.

Kuɗin da ake kashewa kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne wanda zai fita ko da baƙo ko babu. A ce hayar gidan ta shekara naira 3,600,000 ce, wato 300,000 a wata. Ko gidan na mutum ne, wajibi ya sa wannan a lissafi, domin kuɗin da ya haƙura da shi ne ranar da ya sallami ɗan haya. Intanet 40,000. Mai gadi da kwasar shara da kuɗin unguwa 60,000. Kayan gidan, daga gado zuwa inbata, a ce sun ci 7,200,000, kuma a hannun baƙi za su yi shekara uku kafin su buƙaci canji, wato 200,000 a wata. Jimilla 600,000.

Kashi na biyu shi ne wanda ke fita sai an kwana. Wuta da man janareta 10,000 a dare. Shara da wanki da sabulu da ruwan sha 5,000. Ladan manhaja, idan kashi 15 cikin ɗari ne na 50,000, ya kama 7,500. Jimilla 22,500. Abin da ya rage daga kowane dare ke nan 27,500.

A raba 600,000 da 27,500, za a samu kusan 22. Ma'ana sai gidan ya yi dare 22 a wata da baƙo a ciki kafin mai shi ya kamo abin da zai samu da ya bar ɗan hayarsa yana barcinsa lafiya. Dare 22 cikin 30 ba ƙaramin abu ba ne, musamman a watannin da babu biki babu taro.

Idan unguwar za ta ɗauki 70,000 a dare, ladan manhaja ya koma 10,500, abin da ke ragewa 44,500, sai dararen da ake buƙata su sauko zuwa 14. Idan kuma farashin yana nan a 50,000 amma baƙin ta WhatsApp suke zuwa babu ladan kowa, ragowar 35,000 ce, darare 18. Wannan lamba, wato yawan dararen da ake buƙata kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ita ce ya kamata a rubuta a saman shafin Google Sheets a riƙa dubawa duk ƙarshen wata. Wanda lissafinsa ya nuna fiye da dare 20 gara ya sake tunani tun bai sayi kujera ba.

Wuta ce ta fi ba sabon shiga mamaki. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan kusan kilowat 1.2 idan tana aiki sosai. Guda biyu, awa 15 a rana, yunit 36 ke nan. A kan naira 210, ya haura 7,500, ba a sa firji da hita da dutsen guga ba. Kuma baƙo ba ya kashe na'ura idan zai fita, tun da ba shi ke sayen kati ba. Wasu masu gidaje suna maganin wannan da makunnin kati irin na otal, wanda ke yanke wutar na'urorin sanyi da zarar an zare katin. Wasu kuma suna rubutawa tun a talla cewa kuɗin dare ya ƙunshi yunit kaza, abin da ya haura baƙo ne zai saya. Ta biyun tana jawo gardama idan ba a faɗa tun farko ba.

Izini kafin talla

Wanda gidan ba nasa ba ne, haya ya kama yana so ya juya, sai ya samu amincewar mai gida a rubuce. Yawancin takardun haya sun hana ɗan haya sanya wani a gidan ba da izini ba, kuma mai gida zai iya tashinsa bayan ya gama zuba miliyoyi. Haka nan wasu rukunonin gidaje masu ƙofa ɗaya sun hana sana'ar baki ɗaya saboda shige da ficen baƙin fuska.

A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da hurumin rajista da kula da otal-otal da masaukai, saboda haka ofishin yawon buɗe ido na jiha ne wurin tambaya, bayan rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. A Kano da sauran jihohin da ke da Hisba, masaukin baƙi wuri ne da ake sa wa ido, kuma maƙwabta su ne ke fara kai ƙara. Dokokin gidan, game da masu ziyara da kiɗa da taro, a rubuta su ɓaro-ɓaro a talla, kada a bari sai baƙo ya iso.

Manyan biranen duniya sun riga sun ɗaure sana'ar. A Landan ba a wuce dare 90 a shekara sai da izini na musamman. Birnin New York ya fara aiki da dokar rajista mai tsauri a Satumban 2023, Barsalona kuma ta sanar a 2024 cewa lasisin irin waɗannan gidaje zai ƙare a 2028. Korafin duk ɗaya ne: gidajen haya na ƙarewa mazauna gari.

Talla da ladan manhaja

Hoto ne ke sayar da gida, kuma kyamarar waya ta isa. A ɗauka da rana, labule a buɗe, waya a kwance ba a tsaye ba, daga kusurwar ɗaki. A guji madubin nan na 0.5 da ke mayar da ƙaramin ɗaki kamar filin ƙwallo, domin baƙon da ya zo ya tarar da akasin haka zai rama a wurin ba da maki. Abubuwan da baƙon Najeriya ke nema a bayani ba su da yawa: awa nawa ake samun wuta, me ke ɗauka idan an ɗauke, akwai ruwa, akwai wurin ajiye mota, yaya ƙarfin intanet. Hoton sakamakon gwajin saurin intanet ya fi a rubuta cewa yana da sauri.

Airbnb tana da tsarin lada iri biyu. A na farko ana cire wa mai masauki kusan kashi 3, a ɗora wa baƙo kusan kashi 14 a kan farashin. A na biyu mai masauki ne ke ɗaukar duka, kusan kashi 15. Tsarin na canzawa, don haka a duba wanda asusun yake kai kafin a sa farashi. Kuɗin na fitowa kusan awa 24 bayan baƙo ya shiga, kuma da yawa a Najeriya ta Payoneer suke karɓa. Booking.com kuwa ladanta na kaiwa kusan kashi 15, kuma sau da yawa baƙo a hannu yake biya, sai kamfanin ya aiko da takardar bashi a ƙarshen wata. Matsalar wannan tsarin ita ce baƙon da ya kama wuri bai zo ba. Idan mai masauki bai shiga ya nuna cewa bai zo ba cikin wa'adin da aka ba shi, zai biya lada a kan kuɗin da bai taɓa gani ba.

Akwai tarko ɗaya da sabbi ke faɗawa. Baƙo ya turo saƙo a Airbnb, mai masauki ya ce masa ya zo WhatsApp su daidaita a rage kuɗi. Dokar kamfanin ta hana, kuma za a iya rufe asusun saboda haka. Ƙari a kan haka, duk cinikin da aka yi a waje ba ya cikin kariyar AirCover, wadda ke biyan ɓarnar da baƙo ya yi har zuwa dala miliyan 3 idan an shigar da ƙorafi cikin kwana 14 da fitarsa.

Kalanda: inda aka fi yin ɓarna

Gida ɗaya ne, amma ana tallarsa a wuri uku. Ranar da mutum biyu suka biya kuɗin dare ɗaya, ɗaya daga Airbnb ɗaya daga Booking.com, dole a ba wani haƙuri. Idan na Airbnb aka soke, akwai tara, a toshe waɗannan ranakun a kalanda, kuma ya shiga tarihin asusun. Idan iyali ne da suka taso daga Maiduguri za su kai mara lafiya asibiti washegari, asarar ta wuce ta kuɗi.

Maganin farko kyauta ne, sunansa iCal. Tsari ne na rubuta kalanda a cikin fayil mai ƙarewa da .ics, kuma kusan duk manhajojin kalanda suna gane shi. Wanda ya buɗe fayil ɗin zai ga rubutu ne zalla, kowane baƙo da 'yan layukansa:

BEGIN:VEVENT
DTSTART;VALUE=DATE:20250612
DTEND;VALUE=DATE:20250615
END:VEVENT

Layi na biyu ranar shiga ce, 12 ga Yuni. Na uku ranar fita, 15 ga Yuni. A lura cewa ranar da ke layi na uku ba ta cikin waɗanda aka toshe. Baƙon ya kwana 12 da 13 da 14, daren 15 a buɗe yake ga wani. Masu rubuta 'yar manhajarsu ta kansu sukan yi kuskure a nan, su toshe har da 15, su riƙa asarar dare ɗaya a bayan kowane baƙo ba su sani ba.

Yadda ake haɗawa: a sashen kalanda na Airbnb akwai wurin fitar da adireshin kalanda. A kwafe shi a liƙa a wurin shigo da kalanda na Booking.com. Sannan a yi akasin haka, a ɗauko na Booking.com a liƙa a Airbnb. Dole a yi duka biyun, domin kowane adireshi hanya ɗaya yake tafiya. Baƙin WhatsApp kuma a buɗe musu kalanda ta daban a Google Calendar, a ɗauko adireshinta na sirri daga saituna, a liƙa a manhajojin biyu. Daga nan duk wanda ya biya ta WhatsApp, da zarar an rubuta shi a Google, ranakunsa za su rufe a sauran wuraren. Adireshin nan na sirri ne da gaske. Duk wanda ya same shi zai iya karanta kalandar, ya san ranakun da gida yake babu kowa.

Sai dai iCal yana da rauni, kuma ya kamata a fahimce shi. Ba ya tura labari nan take. Kowace manhaja ce ke zuwa da kanta lokaci-lokaci ta karanta fayil ɗin ɗayar, kuma tsakanin zuwa da zuwa kan ɗauki sa'o'i. Idan an kama gida a Booking.com da ƙarfe 2 na rana, Airbnb na iya ci gaba da nuna shi a buɗe har la'asar. A ranakun da babu cunkoso wannan ba komai ba ne. A makon Sallah a Kano, lokacin da baƙi ke tururuwar kallon hawa, ko a Disamba a Legas da Abuja, sa'o'i biyu sun isa a yi karo. Abin yi shi ne da zarar saƙon sabon baƙo ya shigo, a shiga ɗaya manhajar a danna maɓallin sabunta kalanda, ko a toshe ranakun da hannu. A irin waɗannan makonni kuma yana da kyau a kashe tsarin da ke ba baƙo damar kama gida nan take, a mayar da shi sai an amince.

Mai gida ɗaya ko biyu wannan ya ishe shi. Wanda ya kai huɗu ko biyar sai ya koma ga manhajojin da ke haɗa komai wuri ɗaya, irin su Smoobu da Hostaway da Guesty. Su suna magana da Airbnb da Booking.com kai tsaye, canji na isa kusan nan take, har da farashi, abin da iCal ba ya ɗauka ko kaɗan. Kuɗinsu na wata-wata ne da kuɗin waje, don haka sai a koma shafin lissafi a ga ko gidajen za su ɗauka.

Makulli mai lamba

Miƙa makulli hannu da hannu yana nufin wani ya tsaya jiran jirgin da aka ɗage zuwa ƙarfe 11 na dare. Kuma makullin ƙarfe ana yanka irinsa a kasuwa cikin mintuna, baƙon bara na iya dawowa bana ya buɗe. Shi ya sa kwaɗon zamani mai lambobi ya zama kayan aiki na farko. Yawancin waɗanda ke kasuwa da manhajar TTLock ko Tuya suke aiki.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne yadda mai gida yana Kaduna zai ƙirƙiri lamba ta buɗe ƙofa a Abuja, alhali kwaɗon ba ya kan intanet. Sirrin shi ne kwaɗon da manhajar sun riƙe mabuɗin lissafi ɗaya tun ranar da aka haɗa su, kuma kwaɗon yana da agogo a cikinsa. Manhaja tana haɗa mabuɗin da ranar shiga da ranar fita ta fitar da lamba. Idan baƙo ya danna, kwaɗon ya yi nasa lissafin, ya duba agogonsa, idan sun dace ya buɗe. Wa'adi na cika lambar ta mutu da kanta.

Wannan na nufin idan agogon kwaɗon ya kauce, kamar bayan an canza batir, lambar da take daidai za ta ƙi aiki. Bayan kowane canjin batir a tsaya kusa da ƙofa a daidaita agogon ta Bluetooth. A TTLock kuma lamba mai wa'adi tana buƙatar a yi amfani da ita aƙalla sau ɗaya cikin awa 24 na farko, in ba haka ba ta daina aiki, don haka baƙon da ya jinkirta zuwansa da kwana ɗaya sai an aika masa sabuwa. Soke lamba kafin wa'adinta daga nesa, ko ganin wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe, sai an sayi 'yar na'urar da ke haɗa kwaɗon da Wi-Fi na gidan. Batir a sa mai kyau, a canza tun bai kai ƙarshe ba, makullin ƙarfe na ko-ta-kwana kuma a ajiye shi wurin amintacce a kusa. An sha barinsa a cikin durowar gidan da aka kulle.

Mai shara a ba shi tasa lambar daban, mai aiki a sa'o'in aikinsa kawai.

Kyamara, katin shaida da rayukan baƙi

Daga 30 ga Afrilun 2024 Airbnb ta haramta kyamara a cikin gida kwata-kwata, ko a falo, ko an sanar ko ba a sanar ba. Ta waje, kamar ta bakin ƙofa da wurin ajiye mota, an yarda da ita matuƙar an bayyana ta a talla. Ko ba don dokar kamfani ba, kyamara a inda iyalin mutum ke kwana cin amana ne. Wanda damuwarsa a mayar masa da gida wurin casu, akwai na'urar auna ƙarar sauti wadda ba ta naɗar magana, sai dai ta aiko saƙo idan hayaniya ta wuce kima. Ita ma a sanar da ita.

Karɓar hoton katin shaida daga baƙin WhatsApp abu ne mai kyau, domin idan wani abu ya faru a gidan mai shi za a fara tambaya. Amma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyin tsare su. Hotunan katunan mutum ɗari a cikin wayar da yara ke wasa da ita haɗari ne. A ajiye su a wuri mai kalmar sirri, a goge bayan wani lokaci.

Wi-Fi na baƙi a raba shi da wanda kwaɗo da kyamarar waje ke kai, yawancin rauta suna da wannan zaɓin. A canza kalmar sirrin shiga saitunan rautar daga wadda ta zo da ita. Bayan kowane baƙo a duba talabijin, a fitar da asusun Netflix ko YouTube da ya manta a buɗe.

Janareta kuwa maganar rai ce. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe iyali guda cikin barci. Kada ya zauna a baranda ko kusa da tagar ɗakin kwana. Na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iskar ba ta kai kuɗin dare ɗaya ba. A haɗa da abin kashe gobara a kicin, tukunyar gas kuma a waje.

Kuɗi da 'yan damfara

Alat na bogi ya zama ruwan dare. Saƙon tes ko hoton rasit ba shaida ba ne, sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin ya zauna kafin a aika lambar ƙofa. Adireshin biya na Paystack ko Flutterwave yana rage wannan gardamar, ga shi yana barin tarihi. Akwai kuma mai cewa ya yi kuskure ya turo fiye da kima, a mayar masa da ragowar, alhali babu abin da ya shigo.

Masu amfani da Booking.com suna da nasu. Wani zai rubuto a matsayin baƙo, ya haɗo fayil ko adireshi ya ce hoton fasfonsa ne ko jerin abincin da ba ya ci. Ana buɗewa a kwamfuta sai manhajar sata ta kwashe kalmar sirrin asusun, ɓarayin su shiga su riƙa aika wa baƙi na gaskiya saƙo da sunan gidan suna neman lambar katin banki. Kada a buɗe fayil daga wanda ba a sani ba, kuma a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kowane asusu, har da imel ɗin da aka yi rajista da shi.

Kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ake mayarwa idan baƙo ya fita lafiya, ana karɓarsa ne daga baƙin kai tsaye. A ɗauki bidiyon gidan kafin shiga da bayan fita, a mayar da kuɗin a ranar da aka yi alkawari. Riƙe shi babu dalili na daga cikin abubuwan da suka fi ɓata sunan masu wannan sana'a.

Saƙonni da maki

Bayan fita, Airbnb na ba ɓangarorin biyu kwana 14 su rubuta ra'ayinsu, kuma babu mai ganin na wani sai duka sun rubuta ko wa'adin ya cika. Lambar yabo ta Superhost, wadda ake dubawa duk wata uku, tana buƙatar maki 4.8 cikin 5, amsa kashi 90 na saƙonni cikin awa 24, sokewa ƙasa da kashi 1, da aƙalla baƙi 10 a shekara. A wannan ma'aunin tauraro huɗu faɗuwa ce. Mai baƙi goma da ya samu huɗu daga mutum uku ya sauko 4.7.

Mafi yawan ƙorafi daga rashin bayani yake tasowa, kuma ana iya rubuta bayanin sau ɗaya. Airbnb na da saƙonnin da ke fita da kansu a lokacin da aka tsara, WhatsApp Business kuma na da amsoshin da aka adana, waɗanda ke fitowa idan an danna alamar / a wurin rubutu. Saƙon ranar shiga zai iya zama kamar haka:

"Barka da hanya, Alhaji. Ga taswirar gidan a ƙasa, ƙofa ce ruwan toka ta uku bayan masallaci. Lambar ƙofarku za ta fara aiki ƙarfe 2 na rana, ku danna ta sannan ku danna alamar #. Idan an ɗauke wuta inbata zai ɗauki fitilu da fanka da firji, amma ban da na'urar sanyi, ita sai an tada janareta daga ƙarfe 7 na yamma. Idan akwai wata matsala ku kira wannan layin ko da tsakar dare ne."

A gwada taswirar da wayar wani kafin a fara aikawa, domin Google Maps kan ajiye alama a bayan layi, baƙo ya yi ta zagaye da mai tasi. Idan titin ba shi da suna, gajeriyar lambar wuri ta Plus Code da ke fitowa idan an danna alamar ta fi adireshi amfani, sai a liƙa ta a cikin saƙon tare da hoton ƙofar gidan da aka ɗauka da rana.